Sawu Biyu a Ƙofa Ɗaya

Kwalba ta arba'in da bakwai.
A jikinta: Muntari, shekara uku, Zauro.
Jinin bai cika cokalin shayi ba,
amma sai da mutum uku suka danne shi
kafin jijiya ta yarda ta ba mu.

Uwarsa Kulu ta baro shinkafa a fadama,
rabi a yanke, rabi ga jan-baki.
Ta ce, "Kwana tara yana tarin ga,
haƙarƙarinai na shiga na fita
kamar zugazugin maƙera.
Na ba shi kafso na mai kemis,
na yi turare, na shafa man shanu.
Malam, mi ka damunai?"
Na ce ni ba likita ba ne,
mai sauraron jini ne, kuma jini ba ya gaggawa.

Dare ya yi, Birnin Kebbi ba wuta,
janareto ma tari yake a bayan ɗaki.
Na juya jinin har ya rabu,
ja ya kwanta, ruwan ɗorawa ya taso.
Na bi faranti ina ɗigawa gurbi-gurbi
kamar mai zuba 'ya'yan dara.

Ba ɓarawon nake nema ba,
shi ya fi ƙarfin madubina.
Abin da gida ya ƙera dominsa nake nema.
Jini maƙeri ne mai riƙo:
duk baƙon da ya haura katanga
sai ya auna ƙafarsa, ya ƙera masa mari,
ya rataye a zaure ko bayan ya tafi.
In ka ga marin, ka san wa ya shigo.

Gurbi ɗaya ya yi rawaya.
Na ce, yawwa, ga mutumin.
Na ɗauki biro ke nan
sai wani gurbin can ƙasa ya fara nuna
a hankali, kamar mangwaro a inuwa.
Mari biyu, awo daban-daban,
dukansu da sauran ɗumin maƙera.
Taura biyu a bakin mai haƙoran nono.

Na zauna. Sauro ya same ni.
Sawu ba ya faɗin sa'a.
Tare suka shigo, ko ɗaya ya buɗe wa ɗaya?
Ko tun watan jiya wancan ya wuce
ya manta takalminsa a bakin ƙofa?
Ko mari ɗaya ne ya kama ƙafa biyu
don masu ƙafar 'yan ɗaki ɗaya ne?
Na ajiye biro, na ɗauki fensir:
a sake ɗiba bayan kwana sha huɗu.

Da safe likita ta ce a bar kafson nan,
ba irin waɗannan yake kashewa ba.
Iska, ruwa, kunu, da ido a kansa.
Tukunyar iska ɗaya ce a ɗakin,
yara uku na karɓa-karɓa.
Kulu ta dube ni, ta ce, "Har biyu?
Yaron da ko kaza bai mallaka ba,
mi sunka zo ɗauka?"
Duk karatuna ban da amsar wannan.

An sallame su ranar da ba na aiki.
Na bar layi a buɗe a rajista.
Irin layukan nan suna da yawa,
ba na son ƙirga su.

Ran sha shida, bayan azahar,
babur ya tsaya, ƙaiƙayi a gyalenta.
Muntari ya hango farar rigata,
ya tuna allura,
ya ja numfashi har ƙasan cikinsa
ya kwarara ihun da ya tsayar da masu shara.

Kulu ta ce, "Yi haƙuri, Malam."
Na ce ƙyale shi, ya ƙara.
Wannan sakamakon ba shi da gurbi a farantina,
amma shi na fara rubutawa.